Wai Wa Ya Ɗauko Wa Amina Goron Nan?

Makaranta ku yi mini afuwa, wannan makon babu ci gaban labari. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, in ban fitar da ita ba ko barci ba zan iya ba, balle in zauna in sasanta muku Hajara da Kabiru.

Kwanakin baya muka yi wani ɗan zama na marubuta a nan Funtuwa. Da aka zo wurin da kowa zai faɗi abin da ke hannunsa, sai na ce ni na jingine soyayya na ɗan lokaci, na ɗauko labarin Amina ta Zazzau. Wani malami da aka gayyato daga wata babbar makaranta, ba zan kama suna ba, ya yi murmushi irin na wanda ya ga yaro ya zura takalmin babansa, ya ce, "Hajiya, da kin bar wannan fagen ga masu shi. Amina ai tatsuniya ce, ko a jerin sarakunan Zazzau babu sunanta." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ba a kunyata baƙo a gaban jama'a. Ban gama haɗiye wannan ba, bayan kwana uku sai ga wayar wani yaro cikin masu karanta littattafanmu a YouTube, wai ya ji labari. "Anti, don Allah in kin zo wurin da take ɗaukar saurayi a kowane gari ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a kashe shi, ki ja wurin sosai. Nan kasuwar take." Na ce masa na ji, na kashe waya.

To, amsar da ban ba su ba a lokacin ita zan bayar yanzu, kuma wanda ya ji zafi ya sha ruwa.

Ni dai a sakandare karatuna ya tsaya. Jami'a ban taɓa zama ajinta ba, iyakata in raka ƙanwata Samaru da buhun garinta, in ajiye ta a ƙofar ɗakin kwanan mata wanda, abin dariya, sunan Aminar aka sa masa. Amma rashin digiri bai hana ni karatu ba, kuma littattafan da malamin nan yake taƙama da su ba a kulle suke da kwaɗo ba. Gaskiya ne, jerin sarakunan Haɓe na Zazzau da Turawa suka tattara, tun daga Gunguma har zuwa Makau, sarki 60, akwai Bakwa Turunku a ciki, babu Amina. Wannan na ba shi, ya ci. Sai dai ina son ya gaya mini yadda zai yi da shaidu biyu da suka tsaya mata, waɗanda ko kusa ba 'yan gidansu ba ne.

Na farko shi ne Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. A cikin labarin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, marubucin ya tsaya ya ce a wannan zamani Amina ta Zazzau ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kai mata gandu, Sarkin Nufe ya aika mata babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana wannan yaƙe-yaƙe. Ku lura fa, littafin Kanawa ne, an rubuta shi don a ɗaukaka sarakunan Kano. Cikin wannan littafin ne aka ba da labarin yadda Sarki Kanajeji ya kai wa Zazzau yaƙi har Turunku, aka koro shi, ya sake shiri ya koma. Mutanen da ke tsakaninsu da Zazzau sai takobi, me zai sa su ƙirƙiro wa abokan gabarsu jaruma, mace ma tukuna, su cusa ta a tsakiyar tarihin gidansu? Bakano ko a kasuwa ba ya yabon hajar maƙwabcinsa a banza.

Shaida na biyu ya fi nauyi. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya kawo Amina 'yar Sarkin Zazzau, ya ce ta yaƙi ƙasashen nan ta rinjaye su har Katsina da Kano suka riƙa biyan ta haraji, ta ci ƙasashen Bauchi, mulkinta ya yi nisa kudu da yamma, ta rasu a Atagara. Wannan malami ne ɗan malami, wanda ya ɗauki takobi ya tumɓuke sarautar Haɓe. Ba shi da wata riba a yabon sarauniyar Haɓe. Ya ji labarin a bakin mutanen zamaninsa, ya ga ya isa a rubuta, ya rubuta. In malaminmu na taro ya fi Sarkin Musulmi Bello sanin abin da ya cancanci shiga littafi, sai ya fito ya faɗa mu ji.

Sai ya ce ai ba a ma daidaita kan zamaninta ba. Haka ne. Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, wasu masana kuwa sun bi ta kan Bakwa Turunku da aka ce ta hau a 1536, suka kai mulkin Amina tsakanin 1576 da 1610. Tazarar ta kai shekara 150. To sai me? Kakata ta wajen uwa har ta koma ga Allah ba a daidaita kan shekarunta ba, wannan ya ce shekarar fara aka haife ta, wancan ya ce a'a, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa ne. Ba wanda ya ce don haka ba a taɓa yin ta ba, ga mu nan jikokinta mun cika gida. Zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar Zariya a farkon jihadi, suka kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja, sun tafi da labarinta a bakinsu: 'yar Bakwa ce, kuma ƙanwarta Zariya ce aka sa wa birnin sunanta.

Ko da ma a ce ba a taɓa naɗa mata rawani ba, wanda ya ja runduna shekara 34, sarakuna suna aiko masa da gaisuwa don tsoro, me sunansa? Manomin da aka auna wa hatsinsa aka tafi da shi bai tambayi ko mai karɓar yana cikin jeri ba.

Kuma tunda maganar jeri ake yi, bari in tuna wa malam wani abu. Mata a gadon iko ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Daura ta yi zamanin Magajiyoyi kafin labarin Bayajida. A Maraɗi akwai Iya, a Tsibirin Gobir akwai Inna, mata ne masu faɗa a ji a fada. A Zazzau ta Haɓe akwai sarautar Sarauniya da ta Iya, kuma mata ke riƙe da su. Yau in aka ce Iyan Zazzau ya iso, wa za ka gani? Namiji ne da rawaninsa da gemunsa, alhali iya a bakin kowane Bahaushe uwa ce. In sarauta sukutum za ta iya sauya hannu daga mata zuwa maza har a manta asalinta, ina wahalar sunan mace ɗaya ya zame daga jerin da maza ke haddacewa, maza ke rerawa, maza suka faɗa wa Bature ya rubuta?

Shi kuwa ɗana na YouTube, maganarsa gajeruwa ce. Labarin kwana da saurayi a kashe shi da asuba babu shi a Tarihin Kano, babu shi a wurin Bello. A bakin mutane yake yawo, kuma na san irin bakin. Duk macen da ta fi ƙarfin a taka ta, ta nan ake biyo mata. Akwai wata baiwar Allah a kasuwar hatsi ta wajenmu da ke sayen masara tirela guda ta biya nan take, ba irin labarin da ban ji a kanta ba, kuma ba wanda ya taɓa gani da idonsa. Mu kanmu marubuta mata an ce ba mu iya rubuta soyayya haka kawai ba sai da muka san maza. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ake zagi da lalata tarbiyya. Tun da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa aikinmu suna Adabin Kasuwar Kano sunan ya bi mu, har a 2007 aka tara littattafai a Kano aka cinna musu wuta a gaban 'yan makaranta. Su Anti Bilkisu Funtuwa sun sha wannan suka tun muna 'yan mata muna ɓoye littattafansu a ƙarƙashin filo. Amma yau ga marubuciya ta ce za ta yi tarihi, sai ga namiji ya bugo waya yana roƙon a shigar da shi ɗakin kwanan sarauniya. Mulkin shekara 34, daga Kwararrafa har Nufe, shi abin da ya gani a ciki gado ne.

Waɗannan biyun ma masu sauƙi ne. Rigimata ta gaske da masoyan Amina ce, kuma na san a nan zan ɓata da ƙawayena da yawa.

An yi mata mutum-mutumi a gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Legas, tana kan doki da takobi. An sa wa kwalejin 'yan mata sunanta a Kaduna. A 2021 Izu Ojukwu ya fitar da fim ɗinta a Netflix, aka sa mata Turanci a baki da tufafin da ban san daga wace ƙasa aka aro su ba. Duk ranar mata ta duniya sai Facebook ya cika da hotonta, ana cewa uwar mata, mai 'yanto mata, ta ja sojoji dubu ashirin, ita ta fara kawo sulke ƙasar Hausa. Adadin sojojin nan babu shi a tsofaffin littattafan biyu. Sulke da kwalkwali da lifidi kuwa, Tarihin Kano Kanajeji ya ba, ba Amina ba. Wannan duk kwalliya ce, in an yi wa amarya lalle ba a cika tambayar ko hannun ya yi aiki ba. Abin da ya sa na kasa shiru shi ne wata magana da nake ta ji tun da masifar daji ta sauko mana: wai da Amina na raye da tuni ta share mana 'yan bindiga. Har a gidan biki na ji wata ta faɗa, mata suka yi guɗa.

'Yan'uwana mutanen Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi, ku sake karanta abin da Bello ya ce. Katsina ta biya ta haraji. Katsina wa? Kuna zaton Sarkin Katsina hannu ya sa a aljihun rigarsa ya ciro? Ku dubi inda Allah ya ajiye mu. Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a mota, zuwa birnin Katsina kuwa sai ka ninka wannan ka ƙara. Duk rundunar da ta taso daga Turunku ko gindin Kufena ta nufi arewa, gonakinmu ne tabarmar da za ta fara takawa. Funtuwa ta yau jirgin ƙasa da auduga suka raya ta, amma Maska da Gozaki tsofaffin garuruwa ne masu sarautarsu a ƙarƙashin Katsina, kuma Dakta Yusufu Bala Usman ya nuna a littafinsa na tarihin Katsina cewa wannan yanki tun da can wurin noma ne da auduga da saƙa. Inda rumbu yake nan mai karɓar gandu ke sauka. Ba a tatsar saniyar da ba ta da nono.

Ni 'yar manomi ce, don haka lissafin manomi zan yi. Doki ɗaya na yaƙi, dawa nawa yake ci a rana, harawa dami nawa? Barde yana da mai riƙe masa doki, yana da mai ɗaukar masa kaya, duk bakuna ne. Runduna ba ta tafiya da gona a bayanta. Inda ta sauka nan take ci, kuma da rani ake fita yaƙi, daidai lokacin da talaka ya gama kai amfaninsa rumbu yana lissafin yadda zai kai iyalinsa damina. Ku ninka wannan sau 34.

Sai ganuwa. Ko'ina a ƙasar Hausa aka ga tsohuwar ganuwa sai a ce ganuwar Amina, wai duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi. Muna faɗa muna alfahari kamar ita ta ɗauki galma. Wanda ya taɓa gina katangar gidansa da jar ƙasa ya san abin da nake nufi. Shekarar da muka kewaye namu gidan, ɗan fili da bai kai a kira shi fili ba, sai da magina suka yi makonni, yara suna jigilar ruwa har wuyansu ya sage. To a auna ganuwar da za ta kewaye gari da gonakinsa, mai kaurin da doki ba zai tsallaka ba. Wa ya haƙa ramin? Wa ya kwaɓa ƙasar? Matan da suka yi ta ɗauko ruwa daga rafi a tulu, da goyo a bayansu, su ba mata ba ne? In ana neman matan da za a yi wa guɗa ranar mata ta duniya, ga su nan, ko sunan ɗaya ba a riƙe ba.

Goron nan 10,000 shi ya fi tsaya mini a rai, shi ya sa na sa shi a kan wannan rubutu. A lissafin 'yan goro ƙwarya ɗari ke nan. Goro kuwa ɗan lele ne, ba ya son zafi, ba ya son iska, sai an naɗe shi da ganye a huhu, ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya fara lalacewa. Daga ƙasar Nufe zuwa Zazzau babu kwalta, babu tirela, akwai koguna da daji. A kan wasu mutane ya zo, da ƙafa. Mai tarihi ya ƙirga goron ɗaya bayan ɗaya, bai ƙirga kawunan da suka ɗauko shi ba.

Babanni 40 kuwa, mu daina faɗinsu kamar muna ƙirga awaki. Baba ba haihuwarsa ake yi ba, mayar da shi ake yi. Yaro ne ɗan wata, aka kama shi, aka sa masa wuƙa, kuma ba kowane yaro ke tashi daga wannan wuƙar ba. Kafin a cika arba'in masu rai a aika wa sarauniya, Allah kaɗai ya san nawa aka binne. Tarihin Kano ya ce a kanta aka fara samun babanni da goro a ƙasar Hausa. Masu hoton Facebook sukan ɗauki goron su bar babannin. Ni uwa ce, ina da 'ya'ya maza, ba zan iya tsallake wannan layin in yi guɗa ba. Kuma ba a ɓoye yake ba cewa a rabon aikin da labarin Bayajida ya yi wa Hausa Bakwai, Kano da Rano aka ba baba na rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir yaƙi, Zazzau kuwa aka kira ta Sarkin Bayi. Mu muka faɗa da bakinmu, ba Bature ya ɗora mana ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini: ba a auna mutanen da da mudun yau. Na yarda. Amina ba ta yi abin da Kanajeji bai yi ba, ko Kanta na Kabi, ko sauran sarakunan da suka ci ƙasa da takobi. Zamaninsu ke nan, in ba ka ci ba a ci ka. Ita ma Zazzau ɗin da ta karɓi gandu, daga baya ta riƙa kai gaisuwa Barno, bayan jihadi kuma ta koma kaiwa Sakkwato. Kuma ban hana ta abin da ta cancanta ba. Hanyoyin fatauci sun buɗe a zamaninta, kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa, goron da ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai da shi yana cikin abin da ake danganta mata. Ganuwar da aka gina da gumin talaka, talakan ya fake a cikinta ranar da wani maharin ya zo. Macen da ta sa Kano da Katsina suka sunkuya, ta mutu a Atagara can kudu nesa da ɗakin uwarta, ba ƙaramar mace ba ce, kuma ba na son a ƙanƙanta ta.

To amma in da gaske ne ba a auna ta da mudun yau, a daina auna ta da shi ta ɓangaren daɗi ma. Kalmar 'yancin mata ba ta san ta ba. Babu inda aka ce ta 'yanta wata mace daga wahala, ko ta hana a kama mata bayi a garuruwan da ta ci. Sarki ce, a ba ta haƙƙin sarki: a faɗi abin da ta gina, a faɗi abin da ta rusa, kamar yadda ake yi wa Rumfa da sauran maza ba tare da kowa ya ji an ci mutuncinsu ba. Sai an zo kan mace ne ake cewa dole ta zama ko karuwa ko waliyyiya. Wanda ya kai ta gado da wanda ya kai ta sama duk abu ɗaya suka yi mata, sun ƙi kallon ta a matsayin mai mulki.

Abin da ya sa wannan magana ba ta tsohon tarihi ba ce a wurina, haraji bai taɓa barin gidanmu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda suke kai auduga Bisije, kuɗin bai gama ɗumi a hannu ba mai unguwa ya iso da takardar haraji, wanda ya kasa biya a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Har ya rasu yana sa wa Balarabe Musa albarka saboda soke haraji da jangali da ya yi a 1979, lokacin muna cikin jihar Kaduna, kafin a yanke mana Katsina a 1987. Ya ɗauka an rufe wannan babin ke nan. Bai ga Disambar 2020 ba, da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a dare ɗaya. Bai ga shekarar da ƙaninsa, can wani ƙauye ta wajen Faskari, ya zo gidana da dare yana neman rance ba, wai an yanka wa garinsu kuɗi kafin a bar su su girbe masarar da suka shuka da hannunsu. Na tambaye shi, "Baba, su me suke kiran wannan kuɗin?" Ya ce, "Haraji mana, 'yar nan." Na ba shi abin da ke hannuna, kuɗin littafi ne da na tara don ɗinkin sallar yara.

Kada wani ya tafi ya ce na haɗa Amina da ɓarayin daji. Ita ta kafa mulki, ta bar ganuwa da hanya da suna. Waɗannan ba su bar komai ba sai kufai da marayu. Amma a daren nan da tsohon nan ya zauna a kan tabarmata yana juya hularsa a hannu, na fahimci wani abu da ban taɓa samu a littafi ba. Na ga fuskar mutumin da ake aiko wa cewa ya tanadi kaza kafin rana kaza. Irin wannan fuskar ce kakannin kakanninmu suka yi ranar da aka ce ga dawakin Zazzau sun ɓullo ta kudu. Don haka in mace ta miƙe a gidan biki ta ce Allah ya kawo mana wata Amina, ina so ta fara tambayar kanta ta wane gefen ganuwar take tsammanin za ta tsinci kanta. Mu nan ba jikokin barade ba ne. Jikokin masu ɗaukar tulu ne.

Malamin taro ya ce in bar fagen ga masu shi. Masu shi sun yi shekaru suna gardama kan ko 1421 ne ko 1576, sun cika mujallu da Turanci, ba wanda ya sauko ya gaya wa matar da ke tsinken auduga a Bakori cewa tarihin nan da ita a ciki. Mu 'yan kasuwa da ake rainawa, mu muke shiga ɗakunan da littafin jami'a bai taɓa shiga ba. Ana karanta mu a bakin murhu, ana sauraronmu a waya ana wanke-wanke. In ban rubuta ba, yaron YouTube zai samu wanda zai rubuta masa irin wadda yake so, kuma ita 'ya'yanmu za su haddace.

Saboda haka littafin yana nan tafe, kuma ba ta bakin sarauniya za a ji shi ba. Wata yarinya ce 'yar ƙasar Maska za ta ba da labarin, wadda aka tafi da wanta shekarar da aka kasa cika gandu, ita kuma aka sa ta cikin masu ɗibar ruwan ganuwa. Ƙirƙirarta na yi, na faɗa tun yanzu kada malam ya je neman ta a jeri. Za ta ga Amina sau biyu kacal a rayuwarta, sau ɗaya daga nesa a kan doki, sau ɗaya kusa da kusa, kuma ba zan gaya muku abin da ya faru a na biyun ba. Ɗakin kwana dai babu shi, ɗana na YouTube ya yi haƙuri ya nemi kasuwarsa a gaba.

Babi na farko zai fito mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajara da Kabiru su ƙara haƙuri, fushin nasu ba zai lalace ba kafin in dawo. Wassalam.